Baffa magini da masallacin da muka yi wa siminti

Ranar da muka kai Baffa makwancinsa a Gashuwa, na zauna a tabarmar makoki a ƙofar gidansa ina karɓar gaisuwa, kunnena kuma yana kan yadda ake yi masa addu'a. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san "Allah ya jiƙansa" iri biyu ce. Akwai wadda ake yi da zuciya ɗaya, a shafa, a tashi. Akwai kuma wadda ake ja, a ƙara mata da "Allah ya yafe masa kurakuransa," sannan a saci kallon na kusa. Ta biyun ce ta fi yawa a ranar.

Danginmu na Nguru sun zo mota biyu, 'yan kasuwar hatsi da bandar kifi, jikokin waɗanda suka biyo jirgin ƙasa daga Kano suka zauna. Su dai Baffa kawai suka sani, yayan mahaifina, magini. Wani dattijon Kanuri mai fataucin shanu ya taso tun daga Yusufari, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Wushe, wushe da haƙuri," in ji shi, wato sannu da harshensu. "Soron da ya gina mini, jikokina ne ke kwana a ciki yanzu, ko ɗigo ba ya yi." Ya yi ta share hawaye da bakin rawaninsa har sai da aka matsa masa ya zauna.

Sai kuma mutanen unguwa. Alhaji, shugaban kwamitin masallaci, ya zauna gefena yana jan carbi. "Mutumin kirki ne Baffanka," in ji shi, "sai dai taurin kai. Allah ya sa ya cika da imani." A bakin wani wannan addu'a ce, a bakinsa kuwa tambaya ce, kuma kowa ya ji ta a haka. Can bayana wasu magidanta biyu suna magana ƙasa-ƙasa.

"Ba shi ne tsohon da ba ya shiga masallaci ba?"

"Shi ne. Mai hotunan cocin nan."

Na ji su sarai, na kuma yi abin da na fi ƙwarewa a kai, wato na yi shiru. Alhali hotunan nawa ne. Dalilin da ya hana shi shiga masallacin ma daga bakina ya fito. Kuma a duk taron nan ni kaɗai na san cewa kwana shida kafin ya cika, Baffa ya yi mini wasiyya in rushe masallacin kafin ruwan bana ya sauka, domin in ba a yi ba zai faɗo a kan mutane. Masallacin yana nan taku ashirin daga inda muke zaune, shi ya gina shi da hannunsa, kuma shi ne masallacinsa na ƙarshe da ya rage a tsaye tsakanin Nguru da Gashuwa.

Baffa mutum ne mai wahalar kaiwa baƙunta. In kuka shiga gidan mutane, kafin ya amsa gaisuwa idonsa yana sama yana duban rufi. Ya taɓa ba mu kunya a wajen ɗaurin aure a Nguru. Mai gida yana ta nuna wa baƙi sabon falonsa, Baffa ya tashi ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya kara kunne, ya dawo ya zauna. Mai gidan ya kasa haƙuri ya ce, "Malam, yaya ka gani?" Baffa ya ce, "Fentin ya yi kyau." Mahaifina ya yi wata guda yana ba da haƙuri.

Bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba, da taku da kamun hannu yake aunawa. In aka kai shi kududdufin da za a ɗebi ƙasa, sai ya gutsuri kaɗan ya ɗora a harshe. Ya tofar ya ce a tafi, ko ya ce a kawo jakuna. Ƙafafunsa sun faso saboda cuɗa ƙasa, har Inna, matarsa, takan ce a fason ƙafar Baffanku ana iya shuka gero. Gidan bulo kuwa akwatin ashana yake ce masa. Da na gama jami'a na fito da takardar injiniyan gini, bai sake kiran sunana ba. Injiniya yake ce mini, yana ja, yana ɗan karkatar da hula, ni kuma a lokacin ban gane tsokana ce ba.

Aikin masallacin ne ya kai shi Gashuwa tun yana da ƙarfinsa, ya gama ya zauna. Unguwar tana gangaren kogi, inda ƙasa ba ta rabuwa da danshi. Ya yi ginin da tubali, bangon ya kai kamu huɗu a gindi. Ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Baka uku ne suka ɗauki rufin, kowanne ya taso daga jikin bango ya lanƙwaso ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, azara a kan azara, an ɗaure da igiya an lulluɓe da ƙasa. Tagogin ƙanana ne, can sama. In ka shigo daga zafin bazara, sai ka ji sanyi ya sauko maka a wuya. Sahu huɗu yake ɗauka.

Amma ginin ƙasa yana da haƙƙi. Kowace shekara kafin damina, unguwa takan fito gayya. A cuɗa ƙasa da ƙafa, a yaɓe bango, a gyara daɓen rufi, a share indararo. Mata su dama fura, Baffa yana sama yana faɗa da kowa. Haka aka yi ta yi har tsofaffin suka ƙare, na bayansu kuma kowa yana da shago, ba mai son ya wuni cikin laka. Wata shekara mutum bakwai ne kacal suka fito.

A shekarar ne Alhaji ya kawo shawara, kuma wallahi da kyakkyawar niyya ya kawo ta. Ya ce ɗakin Allah ya fi ƙarfin a bar shi yana zubar da ƙasa kamar rumbu. A shafe shi da siminti ciki da waje, a yi masa fenti, a huta. Aka taru a harabar masallacin bayan la'asar. Na zo daga Nguru gaishe da Baffa, sai aka ce ga injiniya Allah ya kawo.

Baffa ya yi magana a zaune. "Ƙasa numfashi take yi," in ji shi. "Bangon nan yana shan ruwa daga gindi duk damina, yana fitar da shi da rani. In kuka rufe masa jiki, ruwan zai shiga, ba zai fita ba. Daga waje za ku ga kyau, ciki yana ruɓewa."

Wani ya yi dariya ya ce bango ai ba akuya ba ne da zai yi numfashi. Alhaji ya juyo gare ni. "Injiniya, kai ka yi karatun. Siminti yana ɓata gini?"

Shekarata ashirin da shida, da sabuwar riga, ga dattawa sun zuba mini ido. Ba a taɓa koya mini ko kalma ɗaya a kan ginin ƙasa ba. Da na ce ban sani ba, da shi ke nan. Sai na gyara murya na ce siminti kariya ne, duk duniya da shi ake yi, maganar numfashi kuma magana ce irin ta mutanen da. Na faɗi haka a gaban Baffa, yana zaune yana kallon ƙafafunsa.

Ya tashi ya karkaɗe rigarsa. "Ku yi," in ji shi. "Amma ranar da kuka gama, na daina shiga."

Ya kuwa cika alkawari. Shekara goma sha ɗaya yana shimfiɗa buzunsa a waje, daidai ƙofa, yana bin liman daga can. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi. Da farko an yi ta lallashinsa. Daga baya aka ce girman kai ne, wai don an ƙi maganarsa. Wasu suka ce haushin rasa aikin yaɓe ne yake cin sa. Duk damina sai ya tare liman ya ce a fito da mutane, a ɓanɓare simintin tun da sauran dama, har abin ya zama abin dariya, ana cewa ga damina ta zo, Malam Magini zai fara wa'azinsa.

Abin da ba su lura da shi ba, kullum da hantsi yakan zagaya ginin da doguwar sanda, yana zungurar indararo yana fitar da shara, yana ƙwanƙwasa bango yana saurare. Ya ƙi shiga, amma bai bar shi ba ko na kwana ɗaya. Ni kuma bai taɓa yi mini gori ba. Da mahaifina ya ji abin da na yi, ya hau mota ya je Gashuwa a fusace don ya ba yayansa haƙuri. Baffa ya ce masa, "Ƙyale Injiniya. Abin da aka koya masa ya faɗa." Wannan ma rufin asiri ne, don ba a koya mini ba.

Shekara takwas da yin haka, ma'aikatarmu ta tura ni Faransa kwas na wata huɗu a kan adana tsofaffin gine-gine. Aka yi ta yawo da mu ƙauyuka ana nuna mana majami'u na dutse, wasu sun haura shekara ɗari takwas. Salon ginin suna ce masa Romanesk, wai don ya ɗauko daga ginin Rumawa. Ranar da na fara shiga ɗaya daga ciki, sai da na tsaya cik a bakin ƙofa. Bango mai kauri, tagogi ƙanana can sama, baka a bayan baka, kowanne rabin da'ira, da wannan sanyin da ke sauko wa mutum a wuya. Na yi tafiyar kwana da kwanaki don in zo in tarar da masallacin Baffa da dutse.

Bambancin shi ne su sun cika nasu da sassaƙa. A kan ginshiƙai akwai ganyaye da zakoki da tsuntsaye, da mutane masu manyan hannuwa da idanu a waje. A saman babbar ƙofa sun sassaƙa ranar hisabi, ga matattu suna fitowa daga kaburbura, ga mala'ika riƙe da ma'auni, ga wani mummunan abu yana jan ɗaya ɓangaren ƙasa. A gefe kuma kaburburan manyansu ne, an sassaƙa mutum kwance a kan dutse ya haɗa hannuwa.

A bayan wata majami'a muka tarar da wani tsohon magini a kan tsani, da guduma da kurfi, yana ɓanɓare wani abu mai launin toka daga jikin bango. Na tambayi mai yi mana tafinta. Ya ce siminti ne, iyayensu ne suka shafa da niyyar gyara, sai ya kulle danshi a ciki, dutsen ya fara marmashewa. Yanzu suna cire shi suna mayar da farar ƙasa irin ta asali. Tsohon ya ce wani abu daga sama yana buga bangon da tafin hannu. Tafinta ya ce, "Wai bango yana bukatar ya yi numfashi." Sauran 'yan kwas suka rubuta a littafi. Ni na nemi dutse na zauna.

Da na dawo na wanke hotunan na kai wa Baffa. A raina wannan ne ban-haƙurina. Muka zauna a dakalin ƙofar gidansa da hantsi, ya sa tabarau, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya ga sassaƙen mutum sai ya ɗora babban yatsa ya rufe shi. "Wannan tsakaninsu da Allah," in ji shi. "Ni baka nake kallo."

Ya kalla kuwa, kallon da ban ga malamanmu na can sun yi ba. "Ka ga wannan tudun da ya jingina a bayan bango? Dogari ne. Baka ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, gefe yake turawa. Mutumin nan ya taɓa ganin gini ya faɗi, shi ya sa ya ƙi buɗe taga babba. Matsoraci ne, irina." Ya tambaye ni kaurin bangon, na gwada masa da hannu, ya gyaɗa kai. Ya tambayi yadda suka tallafi dutsen kafin bakan ya haɗu, na ce da katako, ya ce ai dole. Da ya zo kan hoton ƙofar nan, ya ɗaga yatsansa ya daɗe yana duban ma'aunin. "Ashe su ma sun san da mizani," in ji shi a hankali. A kan mutumin da ke kwance a dutse kuwa cewa ya yi, "Wannan bai so a manta da shi ba. Wanda ya sassaƙa shi fa, ina nasa kabarin?" Na ce ba a san ko sunansa ba. Ya ce haka ake yi mana.

Na ajiye hoton tsohon nan mai guduma a ƙarshe. Baffa ya ce, "Wannan me yake yi?" Na gaya masa duka, har da maganar numfashi. Ya cire tabarau ya dube ni. Kalma uku ce ta rage mini, Baffa ka yafe. Tana bakina. Ya jira, na haɗiye ta, sai ya ce, "To," ya tattara hotunan ya sa a aljihun gaba.

Ya riƙa fito da su yana kallo a dakalin, shi kaɗai, don ya samu abokan hira a cikinsu, magina irinsa. Wani mai wucewa ya leƙa ya ga gicciye a saman wani gini. Kafin sati ya zagayo magana ta gama unguwa, an gano dalilin da tsoho ya bar masallaci. A garin nan, bayan shekarun tashin hankalin da muka gani, irin wannan magana ba wasa ba ce. Wasu suka daina ba shi hannu. Wani ya janye buzunsa daga kusa da nasa. Inna ta ce ya ƙone hotunan, ya ce bai ga laifin da bango ya yi ba.

Ni fa? Sau ɗaya na je shagon Alhaji na ce ya kamata a duba simintin nan. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ba kai ka ce a yi ba?" Na ce haka ne, na yi masa sallama. Shekara uku na ƙara ina zuwa Gashuwa ina shiga masallacin ina sallah a sahun baya, kusa da ƙofa. Na san dalilin da ya sa nake zaɓar kusa da ƙofa, kuma ban gaya wa na sahun gaba ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk labarin.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi, ciwon da ya ɗebi mutanen garin nan da yawa. Ƙafafun nan suka kumbura har fason ya ɓace. Ranar wata Talata bayan azahar ya sa Inna ta kira ni ɗakinsa, ta fita ta bar mu.

"Injiniya, gindin bangon gabas ya tafi," in ji shi. "Tun bara sautinsa ya sauya. Ba zai ga ƙarshen daminar bana ba."

Na ce a ɓanɓare simintin a yi gyara.

"An wuce nan. Bakin azarar da ke cikin bango ya ruɓe, gara ta shiga. Ka sauke shi. Ta sama za ku fara, kada wanda ya tsaya a ciki." Ya huta, ya ci gaba. "Sahu huɗu ne, ɗan nan. Ba na so a ce ginina ya kashe mutum."

Na ce, "Baffa, shi kaɗai ya rage."

"Na fi ka sani," in ji shi. Sannan ya tuna mini al'adar magina. Ba mai ɗora diga a ginin wani magini sai mai ginin ya fara da hannunsa, ko wanda ya gaje shi. Allah bai bar wa Baffa ɗa namiji ba. "Ba za su taɓa shi ba sai ka fara. Kai ne." A ranar ma ban ce ya yafe mini ba. Na ce masa to, kamar yadda ya taɓa ce mini.

Bayan sadakar bakwai, hadari ya fara haɗowa a gabas da yamma yana watsewa. Wata rana na jira aka idar da la'asar, na miƙe a harabar masallacin, daidai inda na yi waccan maganar. Na ce ni na ce a yi siminti, kuma ban san abin da nake faɗa ba. Na ce hotunan nawa ne, ni na kawo masa, gini yake kallo a ciki ba addini ba. Sannan na faɗi wasiyyar.

Wurin ya kaure. Alhaji ya miƙe. "Da ransa ya ƙi shiga, ya mutu kuma ya aiko a rushe? Ɗakin Allah? Kai ma hotunan sun taɓa ka ne?"

Liman, tsoho ne da ba ya ɗaga murya, ya bari aka lafa. "A kawo guduma," in ji shi. "In bangon lafiya yake, mun yi asarar siminti tafin hannu ɗaya. In ba lafiya ba, gara mu gani da idonmu." Aka kawo. Akwai tsofaffin magina biyu a wurin da suka yi aiki da Baffa, aka miƙa musu, kowanne ya mayar da hannunsa baya. Sai na karɓa.

Na durƙusa a gindin bangon gabas na buga. Sautin da ya fito irin na tulun da babu ruwa ne. Na sake bugawa, sai wani falle mai faɗin faifai ya ɓallo. Baƙar ƙasa jiƙaƙƙiya ta zubo a kan ƙafafuna, da wari irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa, gara tana ta watsewa. Na zura hannu, ya shige har kafaɗa ban taɓa komai ba. Simintin ne kaɗai yake tsaye a wurin, kaurin yatsa biyu.

Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa, ya zura nasa hannun. Ya daɗe a haka. Da ya fito da shi, ya dubi laka a yatsunsa ya ce, "Innalillahi. Mun ci naman bawan Allahn nan." Liman ya ce a fito da tabarmi da Alƙur'anai, kada kowa ya sake shiga.

Washegari muka hau. Ni na fara kai diga a daɓen rufi, sannan tsofaffin biyu suka biyo ni da ma'aikata. Ƙasar rufin ba ta ba mu wuya ba, bangon kuwa da kansa yake zubewa. Bakan ne suka ƙi. Sama inda danshi bai kai ba, azarar tana nan ja wur kamar jiya aka fasa ginginyar, igiyar ta kama ta tam, wuƙa tana zamewa a kanta. Biyu sun sauka a rana ta uku. Na tsakiya sai da muka wuni biyu a kansa, ma'aikata suna tsaki, tsofaffin maginan suna aiki suna hawaye. Da ya tafi, ya tafi gaba ɗaya, ƙasa ta girgiza har cikin gidaje. An ce da bulo da kwano za a mayar.

Na shiga wajen Inna da yamma, ko wanka ban yi ba. Tana zaune a ɗakin takaba, ta lulluɓe da farin mayafi. Tun rasuwar ban ga hawayenta ba.

"An gama?" in ji ta.

"An gama, Inna."

"Ya ba ku wuya?"

Na ce na tsakiyar sai da muka yi kwana biyu.

Ta yi ɗan murmushi tana kallon tabarma. "Ai ya faɗa. Ya bar mini saƙo, ya ce kada in ba ka sai an gama. Ya ce in ba ka haƙuri. Wai da ya san kai za ka kwance shi, da bai ɗaure shi da ƙarfi haka ba."

A nan na zauna a ƙasa, a bakin ƙofarta, na faɗi kalmomin nan uku da na riƙe shekara goma sha ɗaya. Inna ce kaɗai ta ji su.

Ya Allah, bawanka ne, ya tsare rayukan masu yi maka sujada alhali suna zarginsa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi, ka nauyaya mizaninsa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Baffa addu'a irin ta farko, wadda ake yi da zuciya ɗaya. In da saura, ya sa da ni.